Yadda Ake Kai Rahoton Matsalar Kanel ɗin Linux Har a Gyara Ta

Shagona yana Farm Center, a layin masu gyara, kuma yawancin abin da ke zuwa teburina kwamfutocin hannu ne da suka gama shan aiki a Turai kafin su iso Kano. Da yawansu ba sa iya ɗaukar sabuwar Windows, shi ya sa nake ɗora musu Linux su ci gaba da amfani. A cikin wannan aikin na koyi abin da nake so in bayyana a nan: yadda mutum zai bi diddigin matsala a kanel, ya kai rahotonta inda za a gyara, da abin da zai yi idan matsalar ta tsaro ce.

Kanel shi ne ƙashin bayan tsarin kwamfuta, shi ke tsakanin manhajoji da ƙarfen na'ura. Shi ke raba memori, shi ke magana da katin Wi-Fi da faifan ajiya da madannai ta hanyar direbobi. Linus Torvalds ya fara na Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, yau kuma shi ne a ƙarƙashin kowace wayar Android da ake sayarwa a kasuwar nan. Sai dai masu rubuta shi ba su da irin injinanmu a gabansu. Laftof mai shekara goma, mai katin Wi-Fi da aka daina ƙerawa, tana nan hannunmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ba mu faɗa ba babu wanda zai hau rufin.

Wata Hajiya mai shagon buga takardu a Kabuga ta kawo min tata da wani hantsi. Ta ce, "Malam, tun da aka sabunta ta makon jiya, in na rufe murfin na tafi sallah na dawo na buɗe, Wi-Fi ɗin ya ɓace. Sai na kashe ta gaba ɗaya na sake kunnawa yake dawowa." Na ce mata, "Hajiya, kin gama min rabin aikin." Ta faɗi lokacin da abin ya fara, ta faɗi abin da take yi ya faru, ta faɗi abin da ke faruwa, ta kuma faɗi yadda take samun mafita. Duk rahoton da za ka rubuta wa masu kanel a kan waɗannan huɗun zai tsaya.

Fara da ƙarfen kafin ka zargi kanel

A Kano wannan matakin ya fi kowanne muhimmanci. Ƙurar hunturu tana toshe fanka ta zama kamar auduga a bakin mashigar iska, zafin Afrilu ya zo ya same ta a haka, injin ya riƙa sandarewa ko ya mutu da kansa. Caja ta jabu da wutar janareto mai hawa da sauka suna haifar da alamomin da za ka rantse na manhaja ne. Na sha ganin injin da ke faɗuwa sau uku a rana, na zare ram na goge haƙoransa na mayar, magana ta ƙare.

Don haka buɗe ta ka hure ƙurar, ka canja man da ke kan firosesa in ya bushe, ka bar memtest86+ ya zagaye ram ɗin aƙalla sau ɗaya cikakke. Ka lura da wannan alamar: matsalar ƙarfe takan zo barkatai, yau a nan gobe a can, ta fi yawa da rana tsaka. Kuskuren kanel kuwa yakan maimaita kansa a wuri ɗaya in ka maimaita abu ɗaya. Ta Hajiya kullum bayan rufe murfi take zuwa, da safe ko da dare, a kan caja ko a kan batir.

Gwaji mafi sauƙi yana jerin GRUB. Lokacin kunnawa, zaɓi tsohon kanel ɗin da ke nan tun kafin sabuntawa. Na yi haka, na rufe murfi sau goma, Wi-Fi ya dawo sau goma. Na koma sabon, ya ɓace a karon farko. Injin ɗaya, ɗaki ɗaya, kanel kaɗai ya bambanta. Wannan shi ake kira koma-baya, wato abin da yake aiki da ya daina bayan sabuntawa, kuma masu kanel suna ɗaukarsa da nauyi fiye da sauran kurakurai. Ƙa'idar Torvalds ce tun da daɗewa cewa sabon kanel bai da izinin karya abin da ke yi wa mutane aiki.

Karanta abin da kanel ya rubuta

Kanel yana rubuta duk abin da ya gani. `sudo dmesg` zai nuna maka na wannan kunnawar. In injin ya sandare ka kashe shi da maɓalli, `journalctl -k -b -1` zai nuna na kunnawar da ta gabata, muddin tsarinka yana adana rajistar a faifai. Ka nemi layukan da suka fara da `BUG:` ko `Oops:` ko `WARNING:`, sannan layin `RIP:` wanda ke nuna ainihin inda kanel yake lokacin da ya yi tuntuɓe, da `Call Trace:` wanda ke jero hanyar da ya biyo har ya iso wurin.

Kuskuren da yara masu koyo ke yawan yi a shagona shi ne su kwafi saƙon ƙarshe. Na farko ake nema. Da zarar kanel ya yi tuntuɓe sau ɗaya, abin da ya biyo baya sau da yawa ɓarnar na farkon ce kawai. Hau sama har ka ga inda abin ya soma, ka kwafa daga can, kada ka yanke ko layi ɗaya don ka ga kamar ba shi da amfani.

In allo ya daskare gaba ɗaya, fitilar Caps Lock tana ƙiftawa, kanel ya faɗi warwas kuma mai yiwuwa bai samu damar rubuta komai a faifai ba. Duba `/sys/fs/pstore` bayan ka sake kunnawa, wasu injinan suna ajiye saƙon ƙarshe a can. In kana da kwamfuta ta biyu da wayar sadarwa, netconsole zai tura saƙonnin zuwa gare ta kafin ta farkon ta mutu. In duk babu, ɗauki hoton allon da wayarka, mai kyau wanda ake iya karantawa. Ya fi babu nesa ba kusa ba.

Sai ka duba wannan:

`cat /proc/sys/kernel/tainted`

In ya ba ka 0, kanel ɗinka tsaf yake. In wata lamba ce, akwai abin da ya gurɓata shi, kuma za ka ga haruffan a layin `Tainted:` na saƙon kuskuren. P na nufin an ɗora direban da rubutunsa a rufe yake, O direba ne daga wajen kanel, E direba ne marar sa hannu, D na nufin kanel ya riga ya yi tuntuɓe a wannan kunnawar, W kuma ya taɓa yin gargaɗi. Masu kanel ba za su ɓata lokaci a kan rahoton da ke ɗauke da P ko O ba, kuma suna da gaskiya, domin ba za su iya duba abin da ba su ga cikinsa ba. Cire direban, sake kunnawa, ka sake jawo matsalar. In ta ɓace, to wurin mai direban za ka kai kuka.

Wa za ka kai wa?

Kanel ɗin da ya zo da Ubuntu ko Debian ko Fedora ba shi ne tsantsar na kernel.org ba, kowannensu yana ƙara nasa gyare-gyare. In ba za ka iya harhaɗa kanel da kanka ba, kai rahoto wurinsu: `ubuntu-bug linux` a Ubuntu, `reportbug` a Debian. Wannan ma aiki ne mai kyau, kuma ga mutane da yawa nan ya kamata su tsaya.

In kuwa kana so ka kai ga tushe, dole ka gwada sabon kanel na babban reshe tukuna. Kusan duk mako tara ko goma ake fitar da sabo, ta yiwu an riga an gyara abin da ke damunka. Ka kuma bincika lore.kernel.org da kalmomin saƙon kuskuren da sunan direban. In wani ya riga ka, shiga nasa rahoton ka ƙara bayanan injinka maimakon buɗe sabo.

`lspci -k` zai nuna maka direban da ke riƙe da kowane kati. Da sunan direban za ka duba fayil ɗin MAINTAINERS da ke cikin rubutun kanel, ko ka ba `scripts/get_maintainer.pl -f` hanyar fayil ɗin direban, ya fito maka da masu kula da sashen da adireshin da ake tura musu. Akwai bugzilla.kernel.org, amma sassa da yawa ba sa leƙa shi, sai in MAINTAINERS ɗin ya nuna can. Yawanci imel ne.

Rabawa biyu-biyu har a kama canjin

Nan ne aikin yake, nan ne kuma rahotonka ke tashi daga koke ya zama hujja. Tsakanin fitowar kanel ɗaya da mai bi mata akwai canje-canje sama da dubu goma, ɗaya daga cikinsu ne ya karya maka abu. `git bisect` yana raba su biyu, ka gwada na tsakiya, ka faɗa masa lafiya ko ba lafiya, ya sake raba rabin da ya rage. Kamar mai neman inda waya ta tsinke a gida ne: ba ya bin ta taku-taku, tsakiya yake aunawa ya san ɓangaren da zai bi. Da zagaye kamar 14 za ka isa kan canji guda.

A misali, in 6.6 lafiya yake 6.7 kuma ba lafiya:

`git bisect start`
`git bisect good v6.6`
`git bisect bad v6.7`

Daga nan kowane zagaye: harhaɗa, ɗora, sake kunnawa, gwada, sannan `git bisect good` ko `git bisect bad`. In wani zagayen ya ƙi harhaɗuwa ko ya ƙi tashi saboda wani dalili daban, `git bisect skip`.

Abubuwa uku na koya a nan Kano da wahala. Na farko data. Cikakken tarihin kanel gigabayit ne da dama, don haka yi amfani da `--shallow-exclude` ka sauke tarihin daga sigar da kake buƙata kawai, ko ku sauke sau ɗaya ku raba a filashi tsakanin abokan aiki. Na biyu lokaci. Harhaɗa kanel da saitin Ubuntu gaba ɗaya a tsohuwar laftof yana cin sa'o'i. Jona duk na'urorin da kake amfani da su, sannan ka yi `make localmodconfig`, zai zubar da dubban direbobin da injinka ba ya buƙata, aikin ya ragu ƙwarai. Na uku wuta. In aka ɗauke ana tsakiyar harhaɗawa ba asara ba ce babba, `make` zai ci gaba daga inda ya tsaya. In aka ɗauke ana tsakiyar ɗora kanel kuwa, za ka iya tashi da injin da ba ya kunnuwa. Kada ka ɗora sai batir yana da caji, kada kuma ka goge tsohon kanel mai aiki daga GRUB.

Hatsarin da ya fi waɗannan shi ne gaggawar cewa lafiya. In matsalar ba kullum take zuwa ba ka gwada sau ɗaya ka ce `good`, duk zagayen da suka biyo baya sun tafi a banza, zai kai ka kan canjin da bai ji ba bai gani ba. A ta Hajiya sau biyar nake rufe murfi a kowane zagaye kafin in yanke hukunci. Yarona yana zaune da littafi yana rubuta lambar kowane zagaye da sakamakonsa. A dare na biyu ya ce, "Maigida, wannan ai ya dawo, mu wuce." Na ce ya ƙara biyu. A na huɗu ya ɓace.

In ya nuna maka canjin, tabbatar: koma kan sabon kanel, yi `git revert` na wannan canjin kaɗai, harhaɗa, gwada. In matsalar ta tafi, ka kama shi. Ajiye abin da `git bisect log` ya fitar.

Rubuta rahoton

Da Turanci ake rubutawa, amma kada wannan ya tsorata ka. Masu kanel daga ko'ina suke, da yawansu Turancin ba harshensu ba ne. Gajerun jimloli sun isa. Imel ɗin ya zama rubutu zalla, domin ana watsar da mai HTML kafin ma ya isa.

Kan saƙon ya faɗi sashen da matsalar a layi ɗaya, in koma-baya ce ka fara da `[REGRESSION]`. Sakin layi na farko shi ne maganar Hajiya: me na yi, me na zata, me ya faru, tun yaushe. Sannan sigar kanel daga `uname -r`, wadda ta yi aiki ta ƙarshe, samfurin injin, layin katin daga `lspci -nn` da lambobinsa, matakan da wani zai bi ya jawo matsalar, saƙon kuskuren cikakke, da canjin da ka kama. In akwai `Call Trace:`, wuce da shi ta `scripts/decode_stacktrace.sh` a kanel ɗin da aka harhaɗa da bayanan bincike, zai mayar da lambobin zuwa sunan fayil da layi. Tura wa wanda ya rubuta canjin da masu kula da sashen, ka sa regressions@lists.linux.dev a kwafi, ka ƙara layin `#regzbot introduced:` da lambar canjin. Wannan zai sa rahoton ya shiga tsarin bibiyar koma-baya da Thorsten Leemhuis ya gina, don kada ya nutse.

Matsala ɗaya, rahoto ɗaya. Kuma ka karanta rajistar kafin ka tura, domin a bainar jama'a za ta zauna har abada. Sunan Wi-Fi na gidan mutum, lambar katinsa, sunan da ya sa wa injin, duk suna iya fitowa. Injin abokin ciniki amana ce a hannunka. Na nemi izinin Hajiya, na kuma rufe waɗannan wuraren. Hoton memori na kdump kuwa yana iya ɗauke da kalmomin sirri da takardun mutum, kada ka taɓa ɗora shi a fili.

In matsalar ta tsaro ce

Nan hanya ta rabu. Tambayi kanka: mai amfani na gama-gari, wanda ba shi da ikon root, zai iya jawo wannan da gangan? Zai iya karanta ko rubuta abin da ba nasa ba? Wani daga nesa zai iya kayar da injin ta hanyar turo saƙo, ko ta cusa filashi? Ka kunna KASAN ya ce an taɓa memori bayan an sake shi, a hanyar da kowa zai iya bi? In amsar e ce, ko kana kokwanto, kada ka tura a fili.

Ɓarakar tsaro ba ta zuwa da tambari a goshi. Max Kellermann yana bin diddigin fayilolin rajista ne da ke lalacewa jefi-jefi a injinan wurin aikinsa, ya yi watanni a kai, har ya gano cewa kuskuren yana kanel kuma yana ba kowane mai amfani damar rubutu a kan fayil ɗin da karantawa kawai aka ba shi izini. Ita ce Dirty Pipe, CVE-2022-0847, ta shafi kanel daga 5.8. Ya kai wa masu tsaron kanel a Fabrairun 2022, aka gyara a 5.16.11 da 5.15.25 da 5.10.102, sai a Maris ya bayyana wa duniya. Dirty COW ta 2016 kuwa ta yi kusan shekara tara a kwance kafin a toshe ta.

Adireshin shi ne security@kernel.org. Ƙaramin rukuni ne na sirri, su za su jawo masu kula da sashen da abin ya shafa. Tura rubutu zalla, da sigar kanel, da saitin da ka harhaɗa da shi, da abin da maharin ke buƙata kafin ya yi nasara, da ɗan shirin da ke nuna ɓarakar in kana da shi, da faci in ka rubuta. Sun fi son sakin gyara da zarar ya samu. In akwai dalili, ana iya jinkirta shi har kwana 7, a yanayi na musamman har 14. Ba sa sa hannu a yarjejeniyar rufe baki. Lambar CVE kuma ba a wurinsu ake nema ba: tun Fabrairun 2024 aikin kanel ke ba da nasa lambobin ta cve@kernel.org, kuma sai gyara ya shiga ake bayarwa.

Ina roƙon matasanmu abu biyu a nan. Kada ka ɗora hoton allon a Facebook ko zauren WhatsApp don a san kai ka gano. Injinan asibitoci da bankuna da wayar da ke aljihun mahaifiyarka duk a kan wannan kanel suke, kuma wanda zai cutar da su ya fi mai gyara sauri. Sunanka zai fito a layin `Reported-by:` ya zauna a tarihin kanel, wannan ya ishe ka shaida a ko'ina. Na biyu, gwajinka ya tsaya a injinka ko a injin kwaikwayo irin QEMU. Shiga kwamfutar wani ba da izini ba laifi ne a dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, ko da niyyarka gyara ce.

Bayan ka tura

Kada ka sayar da injin, kada ka goge shi. Za a iya turo maka faci a ce ka gwada, ko a nemi ka kunna wani saiti ka turo sabuwar rajista, kuma kai kaɗai ke da ƙarfen. Na roƙi Hajiya ta bar min laftof ɗin, na ba ta aron wata ta ci gaba da aikin shago. Amsa wa kowa da ke cikin saƙon, ka rubuta amsarka a ƙarƙashin layin da kake amsawa. In mako biyu ko uku suka wuce shiru, gwada sabon kanel, ka tuna musu cikin ladabi tare da sakamakon.

Faci ya zo min da asuba, na harhaɗa shi bayan na buɗe shago, na rufe murfi sau ashirin, Wi-Fi ya dawo sau ashirin. Na amsa da layin `Tested-by:`. Abin da ya rage ka duba shi ne ko facin yana ɗauke da layin `Fixes:` mai nuna canjin da ya jawo matsalar, da kwafi zuwa stable@vger.kernel.org, domin ta nan Greg Kroah-Hartman da Sasha Levin ke ɗaukar gyara zuwa tsofaffin rassan da Ubuntu da Debian ke ɗiba. Kafin ya iso ta sabuntawa, na saita GRUB ɗin Hajiya ya riƙa tashi da tsohon kanel, na rubuta mata lambar sigar a takarda na manna a ƙasan laftof ɗin.